Kwana Tara Na Farauta, Sauran Shekara Na Aiki

A ƙasar Hausa in an ambaci farauta, abin da kan faɗo wa mutum a rai shi ne rani, da taron samari riƙe da gorori da adduna, da karnuka, da makaɗa, da kuma daji wanda ba na kowa ba ne. To, a Amurka al'amarin ya sha bamban. Can wajen kashi 60 cikin 100 na ƙasar duka mallakar mutane ne da kamfanoni, a jiha kamar Teksas ma abin ya haura kashi 90. Saboda haka mai son farauta, in yana da hali, yakan sayi ɗan dajinsa na kansa, ya riƙa biyan harajinsa, yana kula da shi kamar yadda manomi ke kula da gona, duk domin idan kaka ta yi ya sami inda zai zauna ya jira dabba ba tare da wani ya ce masa tashi ba.

Dabbar da ake wannan ɗawainiya dominta ita ce barewa mai farin wutsiya, wadda ta fi barewar da aka sani a sahel girma nesa ba kusa ba, don riƙaƙƙen namiji kan kai kilo 90, wani ma ya wuce. Wajen shekarar 1900 an kusa ƙarar da ita, waɗanda suka saura ba su wuce rabin miliyan ba a ƙasar baki ɗaya. Sai hukuma ta tashi tsaye, aka hana cinikin naman daji a kasuwa, aka yanka wa farauta lokaci, kana a 1937 aka kafa wata doka wadda ta ware harajin da ake karɓa kan bindigogi da harsashi domin raya namun daji. Yau ana ƙiyasta yawansu ya kai wajen miliyan 30.

A jihar Wiskonsin, can arewa a gefen manyan tafkuna, babban lokacin farautar barewa da bindiga kwana tara ne tak, yana farawa ran Asabar ɗin da ke gabanin bikin godiya na ƙarshen watan Nuwamba. Mutum fiye da rabin miliyan kan yanki lasin, kowa ya fita sanye da riga mai ruwan lemo mai ƙyalli, don kada ɗan'uwansa ya hango shi ya zaci dabba ce. A cikin wannan taro akwai wani magidanci, ba sai an faɗi sunansa ba, don irinsa suna da yawa a wannan jiha. Ma'aikacin masana'antar takarda ne, shekarunsa sun doshi 60, kuma a hannunsa akwai daji eka 40, watau wajen hekta 16, wanda mahaifinsa ya saya tun shi yana yaro. Rabin dajin tudu ne mai manyan itatuwa, a tsakiya akwai wani fili na tsohuwar gona kamar eka 2, a kusurwar arewa kuwa fadama ce mai duhuwa, wadda ba ta bushewa ko a tsakiyar zafi.

Shekara da shekaru wannan bawan Allah yana yin hidimar dajin da baro da kafaɗarsa, don babbar motarsa ta zuwa aiki ba ta iya wuce bakin hanya, turbar cikin dajin ta yi mata ƙunci. Da bayansa ya fara yi masa gargaɗi, sai ya shiga tara kuɗi, har ya haɗa wajen dala 8,000, da niyyar sayen abin hawa da zai rage masa wahala. Kuɗin kuwa abu ɗaya za su saya, ba biyu ba. A nan ne shawara ta rabu masa gida biyu: ko dai babur mai ƙafa huɗu, irin wanda kusan kowane maharbi a yankin yake da shi, ko kuwa wata 'yar mitsitsiyar motar ɗaukar kaya ta Japan, irin wadda ya fara gani a gonakin maƙwabta a 'yan shekarun nan.

Shi babur mai ƙafa huɗu yana da nasa tarihi. A 1970 kamfanin Honda ya fito da wani babur mai ƙafa uku, mai kumburarrun tayoyi kamar tulu, domin shiga taɓo da yashi da dusar ƙanƙara. Ya sami karɓuwa ƙwarai, amma da wuya a juya shi a kan gudu bai kife ba, ya kuwa halaka mutane da yawa, cikinsu har da yara, har sai da a 1988 gwamnatin Amurka ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin a kan su daina sayar da mai ƙafa uku. Kafin wannan lokaci, a 1982, Suzuki ya riga ya fito da mai ƙafa huɗu, shi ne kuwa ya gaji filin. Na yanzu faɗinsa bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, cikinsa yana nesa da ƙasa, tayoyinsa masu haƙora ne kuma ba a cika su da iska, saboda haka sai ya riƙa tafiya a bisa laka kamar agwagwa. Yana ratsa tsakanin itatuwa, yana tsallake kututture, yana hawa gangare. In barewa ta faɗi a wuri mai wuyar shiga, shi ne ke zuwa har kanta. Ga dillalansa da makanikansa a kowane gari, in wani abu ya karye da safe, kafin la'asar an samo madadinsa.

Ita kuwa 'yar motar, mai karatu a Kano ko Legas ba baƙuwarsa ba ce, don danginta ne irin su Daihatsu Hijet da Suzuki Carry da ake gani suna jigilar ruwan leda da kayan shago a lunguna. Asalinta wani rukuni ne na ƙananan motoci da gwamnatin Japan ta ƙirƙiro a 1949, lokacin da ƙasar ke farfaɗowa daga yaƙi, ta sauƙaƙa musu haraji domin talaka da ƙaramin manomi su iya mallaka. Hijet ta fito a 1960, Carry da Subaru Sambar a 1961, Honda Acty a 1977. Dokar da ke aiki tun 1998 ta ce tsawon irin wannan mota kada ya wuce mita 3.4, faɗi mita 1.48, inji kuma kada ya wuce sisi 660, watau bai fi na wani babban babur ba. Kayan da aka yarda ta ɗauka kilo 350 ne. Manoman shinkafa na Japan aka yi wa ita, masu bin siraran hanyoyi tsakanin kuyoyi, shi ya sa da yawansu ke ja da ƙafa huɗu, suna da ƙaramar giya ta hawan tudu, kuma bodinsu, mai tsawon wajen mita 2, ana iya sauke gefensa uku ya zama shimfiɗaɗɗe kamar tebur.

Yadda ta isa dajin Wiskonsin shi ma abin ji ne. A Japan ana yi wa mota bincike mai tsanani da tsada duk bayan shekara 2, saboda haka in ta tsufa mai ita ya gwammace ya rabu da ita, ko da ba ta yi wata doguwar tafiya ba. A Amurka kuwa akwai dokar 1988 wadda ta hana shigo da motar da ba a ƙera ta bisa ƙa'idar ƙasar ba, sai fa in ta cika shekara 25. Don haka duk wadda za ta hau titi tsohuwa ce. A bakin tashar jirgin ruwa kuma kwastan na jiranta da harajin kashi 25 cikin 100, harajin da ya samo asali tun 1964 daga wata rigima da Amurka ta yi da ƙasashen Turai a kan cinikin kaji, har yau kuwa da sunan kaji ake kiransa. Duk da haka, in an haɗa kuɗin saye da na jirgi da na haraji, mai lafiya takan tsaya tsakanin dala 5,000 da 10,000, daidai da kuɗin sabon babur na aiki. Sitiyarinta a dama yake. A Nijeriya, wadda ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, akan juya shi zuwa hagu, amma a Amurka doka ba ta tilasta haka ba, sai direba ya koyi sa giya da hannun hagu.

Akwai hanya ta uku, wadda magidancin ya duba ya kau da kai. Tun 1988 da Kawasaki ya fito da Mule, daga baya Polaris ya biyo da Ranger, ake ƙera wata na'ura mai kujeru biyu a jere da ɗan bodi a baya, wadda ta ɗebo daga halin babur ta ɗebo daga halin mota. Sai dai in an ce a sa mata ƙofofi da gilashi da na'urar ɗumama ciki, kuɗinta kan haura dala 20,000. Wannan ya fi ƙarfin aljihunsa.

Abokan farautarsa ba su ga abin shawara a ciki ba. A ganinsu dajin farauta babur yake so, mota kuwa ta 'yan lambu ce. Shi kansa zuciyarsa ta karkata can, don duk lokacin da ya rufe ido, abin da yake hangowa shi ne safiyar Nuwamba, ga ƙaton namiji mai rassan ƙaho kwance a ƙasan kwari, ga shi kuma ya gangara a kan babur ya ɗauro shi. Uwargidansa ce ta kawo abin da ya sauya maganar. Ta ciro kalandar bara daga bango, wadda yake rubuta duk ranar da ya je daji, ta ce ya zauna ya ƙirga, rana nawa ya je da bindiga, rana nawa kuma ya je da kayan aiki.

Lissafin bai yi masa daɗi ba da farko, amma gaskiya ce. Ranakun bindiga ba su cika tara ɗin ba ma, don aiki ya cinye wasu. Sauran ranakun, waɗanda suka ninka su sau da yawa, duk na dako ne. Da hunturu yana yankan itacen wuta da zarto mai inji, itacen kuwa ya yi yawa tun da wani ƙwaro ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a jihar a 2008, ya bi wani jinsin itace yana kashewa. Da bazara yana gyara filin nan na tsakiya, inda yake shuka alkama da waken suya da wata ciyawa mai kama da harawa, ba don ya girba ba, sai don barewa su sami abin ci su saba da wurin. Da zafi yana saran wata ƙaya da aka kawo daga Turai tun ƙarni na 19, wadda in an bar ta sai ta shaƙe ƙananan itatuwa. Da kaka yana kai tsani da kujerun ƙarfe da ake ɗaurawa a bisa itace, inda maharbi ke zama yana dako. Ga gyaran shinge, ga tsakuwa ta cike ramuka, ga jarkokin ruwa na dashe. Masu magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ashe farautar kwana tara, shekara guda ake yi ana fafe mata gora.

Sai ya ɗauki aiki ɗaya ya auna. Ƙasar wannan yanki tana da tsami, takan bukaci farar ƙasa kamar tan guda ko biyu a kowace eka kafin shuka ta yi kyau. A buhuna ake sayar da ita, kowanne kilo 23. Ko da tan ɗaya ɗaya ya zuba a ekarsa biyu, buhu 80 ke nan. Matsakaicin babur yana da mazaunin kaya gaba da baya, na gaba wajen kilo 30, na baya wajen kilo 60, watau buhu 4 a sawu ɗaya, sawu 20 ke nan. Motar kuwa buhu 15 take ɗauka, sawu 6 ta gama. Abokansa suka ce ai sai ya ɗaura wa babur amalanke. Haka ne, amalanke na rage tazarar ƙwarai, amma shi ma kuɗi ne, kuma a gangare kayan da ke baya sukan tunkuɗo abin da ke gaba, babur kuwa bai fi kilo 300 ba, ba shi da nauyin da zai ƙi. Ja da baya da amalanke a siririyar turba kuma sai wanda ya gwada.

Amma fa ba buhunan farar ƙasa ne suka yanke hukuncin ba. Mahaifinsa yana nan da rai, shekarunsa sun haura 80, an yi masa aiki a ƙugu, kaka biyu ke nan bai sa ƙafa a dajin da ya saya da guminsa ba. Tsohon ba ya ƙorafi. Iyakarsa in ɗan ya dawo ya tambaye shi ko itacen nan na bakin fili yana nan tsaye, ko barewa sun ci shukar, ko ruwan fadama ya ja baya. Ɗan ya lura tambayoyin suna ƙara yawa, kuma ya san abin da ke ƙarƙashinsu. To, babur mai ƙafa huɗu hawansa ake yi kamar doki, sai an ɗaga ƙafa an tsallaka, kana in ana tafiya dole mahayi ya riƙa karkata jikinsa, ya danna gaba in ana hawa, ya ja baya in ana sauka, ya jingina gefe in ana kwana. Nauyin mahayi wani sashe ne na tuƙin. Shi ya sa a jikin mai kujera ɗaya kamfani ke manna gargaɗi cewa kada a goya kowa. Tsoho mai ciwon ƙugu ba zai iya hawa ba, balle a goya shi cikin sanyin Nuwamba, lokacin da ruwa ke daskarewa a cikin gora.

Akwai kuma jikansa, yaro ɗan shekara 12, wanda tun da ya ji ana zancen babur idonsa ke ƙyalli. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, yaron ɗan daji ne kamar kakanninsa. Amma a jikin babban babur akwai wani gargaɗin, cewa wanda bai kai shekara 16 ba kada ya tuƙa, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma haka ta ce. Hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi a ƙasar tana ƙirga ɗaruruwan mutane da ke mutuwa kowace shekara a kan irin waɗannan na'urori, akasari ta hanyar kifewa, na'urar ta danne mahayinta. Magidancin ya san kansa, ya san jikansa. Ya san in babur yana cikin rumfa, makulli yana rataye a ƙusa, wata rana zai yi nisa da gida, yaro kuwa yaro ne.

Da ya haɗa waɗannan duka, sai ya sayi motar. Fara ce, ƙirar tsakiyar shekarun 1990, mai ja da ƙafa huɗu, da rubutun Japananci a jikin ƙofa wanda har yau ba wanda ya karanta masa.

Kada mai karatu ya zaci daga nan komai ya tafi sumul. Kowane allazi da nasa amanu. Tayoyin da ta zo da su ƙanana ne, na kan kwalta, cikinta kuma kusa da ƙasa yake, bai fi tsawon tafin hannu ba. Sai da ya sake kashe kuɗi ya sa mata tayoyi masu haƙora, aka ɗan ɗaga ta. Duk da haka a bazarar farko, lokacin da ƙanƙara ta narke ƙasa ta zama kunu, ta nutse har ciki a wani kwari, kuma wanda ya zo ya fisgo ta maƙwabcinsa ne, a kan babur mai ƙafa huɗu, da igiyar ƙarfe. An yi dariya a gari har mako ya zagayo. Bayan wannan sai da ya sa kwalbati a kwarin, ya zuba tsakuwa, ya sare rassa ya faɗaɗa turba, don motar tana bukatar hanya, ba ta yi wa kanta. Mota ce da ta ba shekara 25 baya, robobinta sun bushe, tsatsa ta fara cin ƙasanta, in wani ƙarfe ya lalace wani lokaci sai an jira makonni kafin ya iso daga Japan, kuma ba kowane bakanike ne ke yarda ya taɓa ta ba. Ɗakin direba matsattse ne, dogon mutum gwiwarsa na gogar gaba.

Batun hawa titi kuma ya cire shi daga ransa tun farko. Motar ba ta da hanci, tsakanin ƙafar direba da abin da zai buge shi ba komai sai fallen ƙarfe, a ƙasar da motocin ɗaukar kaya ke kai tan 2 zuwa 3. Dokar yi mata rajista ma jiha jiha ce, kuma tana sauyawa. A 2021 jihar Rhode Island ta shiga karɓe lambobin da ta riga ta bayar, a 2024 kuwa Teksas, wadda a da ta hana, ta buɗe ƙofa. Shi dai ya ajiye ta a rumfar da ke bakin dajin, can take kwana, can take wuni.

Fadamar arewa ita ce inda abokansa suka ce zai yi nadama, don motar ba ta shiga, ba za ta taɓa shiga ba. Da farko shi ma ya ɗauka hasara ce. Amma masu ilmin kiwon daji sun daɗe suna ba masu irin wannan fili shawara su ware wani yanki da ba a shiga sam, inda barewa za ta kwanta hankalinta kwance, don dabbar da ake tayarwa kullum takan ƙaura zuwa dajin maƙwabci, ko ta daina fitowa sai da dare. Babur tayarsa ba ta da nauyi a kan ƙasa, amma da yake ko'ina yana shiga, mai shi ko'ina yakan je, yau sabuwar turba, gobe wata, har ruwan sama ya bi sawun ya mai da shi kwazazzabo. Gazawar motar sai ta zama shinge ga mai ita. A kakar da ta biyo baya, sawun barewa daga fadamar yake fitowa zuwa filin shuka. In kuwa wadda aka harba ta ruga ta faɗi a ciki, sai a shiga da ƙafa, a ɗora ta a wani faffaɗan faifan roba, mutum biyu su ja ta zuwa bakin turba. Aikin sa'a guda ne mai fitar da gumi, sau ɗaya ko biyu a shekara.

A wannan jiha ce wani masani mai suna Aldo Leopold ya sayi wata gajiyayyiyar gona a 1935 a bakin kogin Wiskonsin, ya yi shekaru shi da iyalinsa suna dasa dubban itatuwa da hannu. Shi ne ya koyar da cewa kayan da suka ɓata daji, watau gatari da garma da saniya da wuta da bindiga, su ne kuma za su iya raya shi in an yi aiki da su da hankali. Injin mai ƙafa huɗu bai zo ba a zamaninsa, amma hukuncin bai sauya ba. Abin hawa yakan koya wa mai shi hali. Wanda ke da mai saurin kai shi ko'ina yakan zama mai yawo a dajinsa, wanda ke da mai ɗaukar kaya yakan zama mai yi wa dajin aiki.

Wannan ba ya nufin babur ba shi da ranarsa. Maƙwabcin nan da ya fisgo motar, dajinsa duk gangare ne da duwatsu, turbobinsa ba su fi faɗin mutum biyu ba, shekarunsa ba su kai 40 ba, kuma yana da tarakta ta manyan ayyuka. A wurinsa 'yar motar Japan ba za ta yi nisan jifa ba. Haka nan wanda ke hayar dajin wani na kaka ɗaya, ba shi da ikon sare itace ko zuba tsakuwa, ko wanda ke bin turbobin dajin gwamnati, inda da yawansu an ƙayyade faɗin abin hawa kada ya wuce inci 50, duk waɗannan babur ne nasu. Tambayar da ta raba gardama ita ce wadda matar nan ta yi da kalanda a hannu: me ake ɗauka a yawancin ranaku, a kan wace irin ƙasa, kuma wa ake so ya zauna a gefe.

Kujerun motar biyu ne kawai, saboda haka ranar buɗe farauta sawu biyu ake yi. Sawun farko na tsoho ne, tun da sauran duhu, na'urar ɗumama tana hura masa ƙafa, bargo a cinya. Dokar jihar ta hana harbi daga cikin mota, sai ga masu naƙasa da suka karɓi takardar izini ta musamman, kuma motar tana tsaye. Ɗan ya yi masa maganar neman takardar, tsohon ya ce a bar ta, shi ya gama nasa harbin, kallo ya zo yi. Akan tsayar da motar a bakin fili, daura da itacen nan da yake yawan tambaya, a sauke masa gilashi kaɗan, sa'an nan a koma a ɗauko jikan, wanda zai hau itace tare da kakansa ya koyi zama shiru.

Bayan kwana tara an rataye rigunan lemo, an goge bindigogi an kulle. Mako na gaba dusar ƙanƙara ta sauka, ga busassun itatuwa suna jiran zarto, ga rumbun itacen wuta ya yi ƙasa. Magidancin ya ɗaura wa tayoyin baya sarƙa, ya sauke gefen bodi, ya fara lodi.